Kulolin Maman Becky

Duk wanda ya san Narayi, a kudancin Kaduna, ya san kulolin Hadassah. Manya ne, shuɗɗa, kowace da rubutun jan fenti a jikinta: HADASSAH KITCHEN. Mijinta Shekari ne ya rubuta da hannunsa, shi ya sa harafin ƙarshe kullum yake karkace kamar zai faɗo. Mu dai Maman Becky muke ce mata, kuma in ka ga kulolin nan jere a bayan a-kori-kura ranar Asabar, ka san wani gida zai ci abinci ya lashe hannu.

Abu ɗaya ne matar nan ba ta wasa da shi. Kirista ce ta gaske, 'yar zumuntar mata, ba ta fashin coci. Amma ko kaza ba a yankawa a gidanta sai Malam Tanimu mahauci ya zo da wuƙarsa, ya fuskanci gabas ya yi bisimilla. Haka ta taso ta ga ana yi a gidan mahaifinta duk Kirsimeti, don maƙwabta Musulmi su ci ba sai sun tambaya ba. Da ta fara girkin biki sai ta mai da abin doka. Tukwanenta ba ta ba da aronsu. Ranar bikin godiyar kaka a coci, lokacin da mazaje ke gasa alade a bayan katanga, ko ludayinta ba ya leƙa wurin. Sun sha yi mata tsiya suna kiranta Hajiya Hadassah, ta ce ta ji ta karɓa. Albarkacin wannan ne kulolinta ke haye gada su shiga gidajen da ba kowane abincin kudancin kogi ke shiga ba.

Wanda ya buɗe mata wannan ƙofa ba kowa ba ne illa Hajiya Halima. Sun yi zaman maƙwabtaka a Nasarawa tun suna amare, katanga ɗaya, kafin abubuwan da suka faru a garin nan su raba mutane, kowa ya koma ɓangaren da zai iya barci. Hajiya ta haye arewa, Hadassah ta gangaro Narayi, amma zumuncin bai yanke ba. Yanzu Hajiya za ta aurar da autarta Rumasa'u, yarinyar da Hadassah ta goya a bayanta, kuma tun kafin a sa rana ta riga ta ce ba wanda zai dafa abincin bikin sai Maman Becky.

Ana saura kamar mako biyu, wata safiya Hadassah na zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, wayarta ta yi ƙara. Hajiya ce. Suka gaisa, amma gaisuwar ta yi gajarta, kuma Hajiya ba mace ce mai gajeriyar gaisuwa ba.

"Maman Becky, na turo miki wani abu. Ki duba, amma don Allah kar ki ta da hankalinki."

Wanda aka ce wa kar ya ta da hankalinsa ai an riga an tayar masa. Hadassah ta goge hannu a zani ta buɗe. Hoton fuskar waya ne, daga manhajar nan da ta cika gari, wadda mutane suka laƙaba wa suna Tambayau. Ka tambaye ta kowane shago ko asibiti ko makaranta, ta jero maka abin da ta sani. An rubuta sunan sana'arta, ga kuma amsa a ƙasa: mai girkin biki ce a Narayi, an san ta da dafa-duka, farfesu, da gasasshen naman alade. A gefe, cikin ƙananan haruffa, an sa: Da alama.

Ta karanta ta sake karantawa, kalmar tana nan ba ta gusa ba.

"Hajiya, wallahi tallahi..."

"Ke, kar ki rantse mini, ni ce fa. Gwaggon ango ce ta duba, ita ta turo wa uwarsa, uwarsa ta turo mini. Na ce musu ƙarya ne. Amma kin san dangin miji. Ki samu a goge abin nan kafin ya yi nisa."

Hadassah ta bar shinkafar a faranti, kaji suka samu rabo. Ta ja gyale ta tari Keke sai ofishin coci, wurin Harrison sakatare, wanda shi ne ke kula da shafin coci a intanet, kuma shi kowa ke kai wa kuka in waya ta yi gardama. Mutum ne mai sanƙo da tabarau, mai son bayani fiye da abinci.

"Brother Harrison, wa ya rubuta wannan? Ka nemo mini shi. Ina so in ga idonsa."

Harrison ya karɓi wayar ya ɗaga tabarau. "Mama, ba mutum ba ne ya rubuta. Na'ura ce. Aikinta ke nan, karatu. Ba ta barci, ba ta hutu, duk abin da aka rubuta a intanet tana bi tana karantawa, tana tsintar abin da take ganin gaskiya ne tana ajiyewa. In ta ga abu biyu suna yawan zuwa tare, sai ta ɗaura musu aure."

"To a ina ta ga sunana tare da wannan abu?"

Ya danna nan, ya danna can. Can sai ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Kunya ta kama shi har sanƙonsa ya yi gumi. Ashe rahotonsa ne na bikin godiyar kaka. Kowace shekara yakan rubuta a shafin coci cewa an ci an sha, an gode wa Hadassah Kitchen da ta kawo abinci, an kuma ci gasasshen alade har an bar saura. Da yake Harrison ba ya son wahalar sabon rubutu, rahoton bara yake ɗaukowa ya canja shekara kawai. Shafin gunduma ya kwafa, shafin matasa ya kwafa, har wata jaridar unguwa ta ɗauka. Duk mutumin coci ya san shinkafar daban, aladen daban, akwai ma katanga a tsakani. Na'urar ba ta taɓa zuwa cocinmu ba balle ta ga katangar.

"Mama, ki yi haƙuri, yanzu zan goge."

Ya goge nasa a gabanta. Na sauran shafukan kuwa ba shi da mabuɗinsu. A ƙasan amsar Tambayau akwai wurin da ake dannawa in abu ba daidai ba ne. Suka danna. Manhajar ta ce ta gode, za ta ci gaba da karatu.

"Shi ke nan? Ba ofishin da zan je? Ba manaja?"

"Babu, Mama. Shawarata, ki yi shiru. Tunda 'da alama' ta ce, ba ta tabbatar ba. In aka daina haɗa sunanki da abin, aka yi ta rubuta wasu abubuwan a kanki, a hankali za ta sake shi."

"A hankali zuwa yaushe? Biki saura mako biyu!"

Harrison ya buɗe hannu. Wannan karon bayaninsa ya ƙare.

Shiru kuwa ba halin Hadassah ba ne, kuma ko da halinta ne, ba halin zumuntar mata ba ne. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ta faɗa wa Mama Rhoda, shugabar zumunta, tana faɗa tana share hawaye. Mama Rhoda mace ce da in ta tsaya a kan abu sai an yi. Nan take ta tara mata a ƙarƙashin bishiyar mangwaro.

"'Yan'uwa, Shaiɗan ya shiga waya yana ɓata sunan 'yar'uwarmu. An ce wai abin karatu yake yi. To mu ba shi abin karantawa! Kowa ta rubuta gaskiya a shafinta, ta sa 'ya'yanta su rubuta, ta tura wa dangi na Kafanchan da Zonkwa da Abuja. Mu ga ko ya fi mu baki."

Aka yi addu'a, aka ce amin da ƙarfi. Hadassah ta tuna da maganar Harrison, ta buɗe baki za ta faɗa, amma ta dubi fuskokin matan nan da suka tsaya mata, sai ta ji sanyi a ranta, ta haɗiye. Kowa a matsayinta haka zai yi.

Matan nan ba su yi aikin wasa ba. Kafin yamma, ko'ina ka buɗe sai ka gani: Hadassah Kitchen ba ta dafa naman alade. Ƙarya ne, babu alade a Hadassah Kitchen. Wata ta rubuta da Turanci, wata da Hausa, wata ta haɗa da aya. Mama Rhoda kaɗai ta rubuta a wurare sun fi a ƙirga, har ƙarƙashin sanarwar rasuwar wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Hadassah ta koma duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Tana yanka albasa tana dubawa, tana wanka wayar na kan taga. Ranar Litinin 'da alama' na nan. Ranar Talata ta ga an canja, har ta fara murna, sai da ta karanta da kyau: Mai yiwuwa ƙwarai. Ranar Laraba da hantsi kalma ɗaya ce ta rage a wurin. Tabbas. Kuma aladen ya baro ƙarshen layi ya dawo farko, ya sha gaban dafa-dukar da ta yi suna da ita.

Ta zauna a kan turmi. Ta kira Harrison.

"Mama, ai abin da na ji tsoro ke nan," in ji shi. "Da a wuri kaɗan ta ga sunanki da abin. Yanzu ta gani a ɗaruruwan wurare, daga bakin mutane daban-daban, cikin kwana uku. Ita a wurinta shaidu ne suka yi yawa."

"Amma ai cewa suka yi ba na yi!"

"Na sani. Wani lokaci tana ganewa, wani lokaci yawan ne ke rinjayarta. Ga shi kuma masu shafukan gulma sun ɗauka, suna tambaya wai me ake ɓoyewa a Narayi."

Tun daga ranar abinci ya daina wuce mata. Wani ya kira daga Sabon Tasha yana tambaya ko za ta gasa masa rabin alade na bikin suna, ta kashe wayar ta fashe da kuka. Wata Hajiya ta Barnawa da ta yi mata girki sau da yawa ta turo saƙo cewa an ɗage walimarsu, alhali Hadassah ta ga ana kafa rumfa a ƙofar gidan. Shekari, wanda ba ya cika magana ba, ya fita da safe ya ciro allon sana'ar da ke bakin titi ya shigo da shi ya jingine a bayan ɗaki.

"Baban Becky, me ke nan?"

"Garin nan kin san shi," ya ce. "Magana irin wannan ba a barinta da adireshi."

Ba ta yi musu ba, don ita ma tsoron da ke cinta ke nan. Ta ga abin da ƙaramar magana ta taɓa jawowa a Kaduna, da idonta ta gani. Duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofar gida sai ta leƙa ta taga.

Ranar Alhamis Malam Tanimu ya zo duba ragunan biki da ke ɗaure a bayan gida. Dattijo ne siriri mai furfura a gemu. Ya riga ya ji labari, don abokan sana'arsa sun tare shi a mahauta suna tambayarsa wane irin gida yake shiga da wuƙarsa. Ransa a ɓace yake.

"Maman Becky, ni ba na son doguwar magana. Ki kai ni wurin mai abin nan. Zan yi alwala in dafa Alƙur'ani in gaya masa abin da hannuna ya yanka a gidan nan tun Becky na rarrafe."

"Malam, ba mutum ba ne. Babu wanda za ka tsaya a gabansa."

"To wa ke yanke hukuncin?"

Ya tsaya yana kallonta, ita ma tana kallonsa. Daga baya ya girgiza kai ya tafi wurin ragunan, ya duba haƙoransu ɗaya bayan ɗaya, ko da yake ba wanda ya san ko za a yanka su.

Hajiya Halima ba ta kira ba tun ranar farko, kuma Hadassah ta kasa kiranta. Abin da ya fi ci mata rai ke nan. Aikin biki in ya tafi wani zai zo. Amma a ce Hajiya, wadda suka ci a kwano ɗaya, ta zauna a ɗakinta tana tunanin ko a cikin shekarun nan an taɓa ba ta abin da addininta ya hana, wannan tunanin ne ke hana ta barci.

Ranar Asabar da rana tsaka, saura mako guda cif, mota ta tsaya a ƙofar gida. Hajiya ce, ita kaɗai, ba ko ɗan rakiya. Ta yi sallama ta shigo, ba ta zauna a kujerar da aka miƙa mata ba. Kai tsaye ta wuce madafa, inda tukunyar farfesun gidan ke kan wuta. Ta buɗe, ta ɗauki ludayi ta zuba a kwano, ta zauna a kan kujerar tsuguno ta yi bisimilla ta fara ci. Ta cinye tas, ta tauna ƙashi, ta ce a ƙaro.

Hadassah na tsaye a bakin ƙofa, hawaye na zuba ba ta ko sharewa. Nauyin da ta kwana da shi ta tashi da shi ya sauka.

"Gishirinki dai har yau ba ya wuce kima," in ji Hajiya. Ta wanke hannu, ta goge da gefen mayafi. Sannan ta dubi ƙasa. "Zauna, Maman Becky. Ban zo da daɗi kaɗai ba."

Hadassah ta zauna.

"Na yi iya yina. Uwar ango ta fahimta, amma Gwaggon nan ta kafe. Ta ce in aka ga kularki a wurin biki, ita da mutanenta ba za su ci ba, kuma za ta faɗi dalili a gaban jama'a. Kin san abin da hakan zai jawo wa Rumasa'u a gidan da za ta shiga. Ni kuma na rantse ba wanda zai dafa abincin 'yata sai ke." Ta murza zoben hannunta. "Ki dafa. Amma na ce musu na fasa da ke, 'yan gida ne za su yi. Kulolina ba za su isa ba, sai an haɗa da naki. Sunan ne kawai..."

Ba ta ƙarasa ba, kuma ba sai ta ƙarasa ba. Hadassah ta juya ta dubi kulolin da ke jere a baranda, jan rubutun na sheƙi a rana.

"Kuma ki zo biki," Hajiya ta ƙara da sauri. "Ga ankonki a mota. Ke uwa ce. Gwaggon ba ta san fuskarki ba, Maman Becky kawai zan ce."

Ran Hadassah ya yi ɗaci, ta kuma san Hajiya ba ta da wata hanyar. "Rumasa'u 'yata ce," ta ce a ƙarshe. "Zan dafa."

Shekari ne ya kankare sunan, shi da ya rubuta. Ya zauna a baranda da reza da kananzir da tsumma, yana bi kula bayan kula. Fentin ya kama jiki sosai, sai da ya yi ta gurzawa. Inda sunan yake sai ya bar wani fari-fari a jikin shuɗin.

Ranar biki Malam Tanimu ya yanka ragunan tun da sassafe, ya fuskanci gabas kamar kullum. Hadassah ta yi girkin da ba ta taɓa yin irinsa ba. Motar gidan Hajiya ce ta zo ta kwashe, ta haye gada. Ita kuma ta yi wanka ta ɗaura anko ta bi baya a Keke, hannunta na ƙanshin albasa duk da sabulun da ta sha gurzawa.

Aka zaunar da ita a teburin iyaye. Rumasa'u ta hango ta daga nesa ta ɗaga mata hannu cikin lulluɓi. Da aka fara rabon abinci, sai ga wata dattijuwa mai jiki, da zoben gwal a kowane yatsa, ta zauna kusa da ita. Ba sai an gaya wa Hadassah ko wace ce ba. Gwaggon ta kai loma ɗaya, ta lumshe ido, ta kai ta biyu.

"Kai, masha Allah! Baiwar Allah, ba kya ci ne?" Ta turo wa Hadassah faranti. "Ci ki ji abinci mai tsarki. Kin san da wata aka so a kawo mana daga Narayi, Allah ya rufa asiri na bincika a waya. Yanzu ai ba a yi wa mutum rufa-rufa. Ci mana."

Can gefe Hajiya Halima ta ji, ta sunkuyar da kai tana gyara abin da bai lalace ba a jikin mayafinta.

Hadassah ta ɗauki cokali ta ɗiba ta kai baki. Komai ya ji daidai, shinkafar ta tsaya ɗaya-ɗaya yadda take so.

"Ya yi daɗi," ta ce.

"Ba na gaya miki ba?" Gwaggon ta ciro waya ta ɗauki hoton farantin, ta fara rubutu da yatsa ɗaya tana karantawa a fili: ba ta taɓa cin dafa-duka irin ta yau ba, girkin 'yan gidan Hajiya Halima, Allah ya yi wa hannun albarka.

Hadassah ta bi yatsan da kallo har aka tura. Ta san Tambayau ce za ta fara karantawa, ta san kuma za ta yarda. Ta amsa da amin a hankali, ta ci gaba da cin abincinta.